TSIRON HANJI: ƘARAMIN ABU MAI ZAMA CIWON DAJI

Ran kasuwa, ko a Maraɗi, ko Tasawa, ko Ƙonni, ko Mirya, ba a rasa mai tallar maganin basir. Ya baza sassaƙe da saiwoyi bisa tabarma, ya kunna lasifika yana kira: mai ganin jini, mai kumburin ciki, mai ciwon baya, duk basir ne, duk ga magani. Jama'a kuwa suna saye.

Magidanci ya kewaya bayan gida, ya ga jini, bai faɗa wa kowa ba. Ya bari sai ran kasuwa, ya sayi ƙulli biyu, ya jiƙa ya sha. Jini ya ɗauke kwana goma, ya ce magani ya ci. Jini ya komo, ya ce basir ɗin nashi mai taurin kai ne, ya sake wani mai magani. Haka damina ta wuce, kaka ta wuce, rani ya shigo.

Sau da yawa gaskiya basir ɗin ne. Amma ba kullum ba. Akwai wani ciwo mai fakewa bayan sunan basir, yana cin mutum a hankali. Shi ne ciwon daji na babban hanji, wanda likitoci ke ce wa kansar. Abin da ya kamata kowa ya sani game da shi guda ne: ba dare ɗaya yake faɗowa ba. Yawanci daga wani ɗan tsiro yake farawa, tsiron kuwa yakan yi shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe. Duk tsawon shekarun nan ana iya cire shi, magana ta ƙare.

Kowane manomi ya san ƙuduji. Ran da ya huda ƙasa ya fito, ba ran nan ya fara ɓarna ba. Ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa maƙale da saiwar hatsi yana tsotso, ana ganin gona lafiya lau. Manomin kirki yakan tuge shi tun bai yi fure ba, don in ya zubar da iri, gonar ta shiga uku shekara da shekaru. To, haka tsiron hanji yake.

YADDA HANJI YAKE

Abinci in ya bar tumbi sai ya shiga ƙaramin hanji, mai tsawon kamar mita 6. Can jiki ke tsotse amfaninsa. Abin da ya rage sai ya wuce babban hanji, mai tsawon mita ɗaya da rabi. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ana gyaran kayan ciki ya san bambancinsu: ɗaya siriri ne dogo, ɗaya kuma mai kauri ne gajere. Babban hanji yana farawa daga ƙasan ciki wajen dama, ya hau, ya gitta ƙarƙashin haƙarƙari, ya sauko ta hagu, ya ƙare a dubura. Aikinsa shi ne shanye ruwa da ɗaure bayan gida.

Cikin hanjin akwai wata fata mai laushi da santsi, irin ta cikin kumatu. Da ƙananan ƙwayoyi aka gina ta, kamar yadda ake gina katanga da tubali. Ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Ba su daɗewa: cikin kwana 3 zuwa 5 tsofaffi sun zube, sababbi sun maye gurbinsu.

Kowace ƙwaya tana ɗauke da umurni rubuce a cikinta. Shi ke gaya mata sa'ad da za ta rabu biyu, da sa'ad da za ta tsaya, da sa'ad da za ta mutu ta ba wata wuri. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, sai an kwafi rubutun nan gaba ɗaya. Masu zuwa ajin yaƙi da jahilci sun san abin da ke samun mai kwafar rubutu daga allo: kome ƙwarewarsa, wata rana sai ya tsallake baƙi ko ya juya shi. Haka ke faruwa cikin hanji. Yawancin kurakuran jiki na gyara su da kansa. Amma yau da gobe, shekara bayan shekara, wani kuskure yakan kuɓuce.

MENE NE TSIRON HANJI?

In kuskuren ya faɗa kan umurnin tsayawa, ƙwayar ba ta sake jin birki. Ita da ɗiyanta sai su yi ta ƙaruwa wuri guda har su yi ɗan tudu cikin hanji. Wanga tudu shi ne tsiro. Likitoci suna ce masa polip.

Wani tsiron yana da wuya da kai, kamar laimar kwaɗi. Wani kuma shimfiɗe yake bisa fatar hanji, ya fi wuyar gani. Da fari bai fi ƙwayar gero ba. In ya samu shekaru ya kai wake, ya kai gujiya, wani har ya kai goro ko ƙwan zabo.

Ba kowane tsiro ke zama daji ba. A riƙe wannan da kyau, kada tsoro ya kama mutane. Akwai irin da ba ya rikiɗa. Ko cikin masu iya rikiɗa ma, kaɗan ne ke kai ga haka, ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wahalar ita ce ba wanda ya isa ya dubi tsiro ya rantse cewa wannan ba zai yi ɓarna ba. Shi ya sa likita in ya gan shi ba ya barin shi.

Wata wahala kuma: ƙaramin tsiro ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi, ba ya hana cin tuwo, ba ya hana noma. Mutum yana yawo da shi bai sani ba.

YADDA TSIRO KE RIKIƊA

A shekara ta 1990 wasu masana a Amurka suka bayyana yadda abin ke tafiya daki-daki. Kuskure guda ba ya isa. Na farko shi ke tsirar da tsiron. In aka daɗe wani kuskure ya sake faɗa wa ƙwayoyin nan, sai tsiron ya ƙara girma, kamanninsa su fara ɓaci. In na uku ya zo ya kashe mai gadin cikin ƙwayar, wanda aikinsa shi ne halaka duk ƙwayar da ta lalace, to ba sauran mai tsawata musu. Daga nan sai su fara haƙa, suna nutsawa cikin naman hanji. Ran da suka keta fatar sama suka shiga ƙarƙashinta, ran nan tsiro ya tashi daga tsiro ya zama ciwon daji.

Tara kurakuran nan yana cin lokaci, shi ya sa ake maganar shekara 10 zuwa 15. Akwai masu saurin da ya fi haka, musamman ga waɗanda suka gaji abin.

Girman tsiro yana nuna haɗarinsa. A shekara ta 1975 likitocin asibitin San Mak na birnin Landan suka duba dubban tsiro da aka cire wa mutane. Ga abin da suka gani:

Tsiron da bai kai santimita 1 ba, wato bai kai ƙwayar gujiya ba, kamar 1 cikin 100 ne aka tarar da daji a ciki.

Mai santimita 1 zuwa 2, kamar 10 cikin 100.

Wanda ya wuce santimita 2, kusan rabinsu daji ya riga ya fara a ciki.

Ashe masu magana sun yi gaskiya: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

HAWA HUƊU NA CIWON

Ko bayan tsiro ya zama daji, ba a ce an makara ba. Likitoci sun kasa ciwon hawa huɗu.

Hawa na 1: dajin yana cikin tsiron ko cikin bangon hanji daga ciki, bai fita ba. Wannan shi ne farkon ciwo. Wani lokaci cire tsiron kaɗai ya isa. In bai isa ba, a yanke guntun hanjin a haɗe sauran.

Hawa na 2: ya nutsa ƙwarai cikin bangon hanji, ko ya huda shi, amma bai yi tafiya ba.

Hawa na 3: ya kai ga ƴan kaluluwar da ke kewaye da hanji, ƴan uwan waɗanda ke kumbura a matsematsi in mutum ya yi rauni a ƙafa. A nan, bayan aikin fiɗa, sai an haɗa da magani mai ƙarfi na watanni.

Hawa na 4: ya bi jini ya sauka cikin hanta ko huhu. Ƙuduji ya zubar da iri ke nan.

Lissafin da aka yi a Amurka ya nuna bambancin a fili. Cikin mutum 100 da aka gano ciwonsu tun yana cikin hanji kaɗai, kamar 90 suna da rai bayan shekara 5. Cikin 100 da aka gano bayan ya kai hanta ko huhu, ba su kai 20 ba. Ciwo guda ne, ranar zuwa likita ce ta raba su.

LABARIN WANI SHUGABAN ƘASA

Wanga ciwo bai san talaka ba, bai san sarki ba. Shi ne ajalin Pele, sarkin ƙwallon ƙafa na ƙasar Birazil, a watan Disamba na 2022. Amma akwai wani babban mutum da aka tare wa ciwon tun da wuri, labarinsa kuwa ya isa darasi.

Dattawa suna tune da cewa a watan Disamba na 1984 marigayi shugaba Seyni Kunce ya kai ziyara Amurka, shugaban ƙasar na lokacin, Ronal Regan, ya karɓe shi a fadarsa. A ran nan Regan yana ɗauke da tsiro cikin hanjinsa, bai sani ba. Ga likitoci kewaye da shi dare da rana, amma ba ya jin ciwon kome.

A watan Maris na 1985 aka auna bayan gidansa aka ga alamar jini wanda ido ba ya gani. Ran 12 ga watan Yuli likitoci suka leƙa hanjinsa don su cire wani ɗan ƙaramin tsiro. Suna ƙara gaba sai ga wani babba can mafarin babban hanji, girmansa kamar santimita 5, kusan ƙwan zabo. Kashegari, ran 13 ga wata, aka yi masa aiki, aka yanke kamar santimita 60 na hanjin. Shekararsa 74. Da aka duba tsiron da madubi sai aka tarar daji ya riga ya fara, har ya taɓa bangon hanji, amma bai kai kaluluwa ba, bai kai hanta ba.

Bayan mako guda ya koma gida. Ya ci gaba da mulki har wa'adinsa ya cika a 1989. Daga baya an riƙa leƙa hanjinsa, duk ƙaramin tsiron da ya fito a cire shi. Ya rasu a 2004 yana da shekara 93, da wani ciwo daban. Shekara 19 ke nan bayan aikin.

Wani zai ce ai shi shugaban Amurka ne. Gaskiya ne. Amma abin da ya cece shi ba wani magani mai tsada ba ne da ba shi a ko'ina. An ga alamar jini, an bi sawunta, an yanke abin tun bai yi tafiya ba.

BASIR NE KO BA BASIR BA?

Abubuwa da dama suna sa jini a bayan gida. Akwai basir, wato jijiyoyin bakin dubura da suka kumbura. Akwai tsagewar dubura saboda taurin bayan gida. Akwai atuni. Akwai tsargiyar hanji ga masu shiga ruwan fadama da na gulbi. Duk waɗannan sun fi ciwon daji yawa nesa ba kusa ba. Amma mutum ba ya iya rarrabe su da idonsa, mai magani a kasuwa ma ba ya iyawa. Kuma mutum guda yana iya samun basir da tsiro gaba ɗaya. Basir ba ya zama daji, sai dai yana rufe masa asiri.

Ga alamomin da bai kamata a zauna da su ba:

1. Jini a bayan gida, ja ne ko mai duhu, musamman in ya cuɗe da kashin, ko yana tafe da majina.

2. Sakewar yadda mutum ya saba kewayawa: zawo ko taurin ciki, ko yau wannan gobe wancan, har ya wuce mako uku.

3. Jin kamar ba a gama ba bayan an tashi, a yi ta komawa ana yunƙuri ba kome.

4. Bayan gida ya koma siriri kamar igiya.

5. Ƙarancin jini: tafin hannu da cikin ido su yi fari, mutum ya riƙa haki da ɗan aiki kaɗan, ga jiri. Namiji babba ko macen da ta daina al'ada, in aka ce ba su da jini, lalle a nemi inda jinin ke tsiyaya. Tsiron da ke wajen dama yakan zubar da jini kaɗan-kaɗan wanda ido ba ya gani.

6. Rama ba dalili, da murɗar ciki mai komowa, ko ƙullutu da ake ji cikin ciki.

Wanda cikinsa ya kumbura, bayan gida da iska suka tsaya cik, ga amai, wannan ba mai jiran safiya ba ne. Wataƙila hanji ya toshe. A kai shi asibiti nan take.

WA CIWON YA FI KAMAWA?

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce cikin dukan ciwace-ciwacen daji, na babban hanji shi ne na uku wajen yawa, na biyu wajen kisa. A shekara ta 2020 ya kama mutum fiye da miliyan 1 da dubu 900 a duniya, ya kashe fiye da dubu 900. Ya fi yawa a Turai da Amurka. A ƙasashen Afirka ta Yamma bai kai haka ba, amma yana ƙaruwa, musamman cikin birane. Likitocin yankin kuma sun sha rubuta abu biyu: yawancin masu ciwon sai a hawa na 3 ko na 4 suke isowa asibiti, kuma da yawansu ba su kai shekara 50 ba.

Abu na farko mai ƙara haɗari shi ne shekaru. Daga 45 zuwa sama ya kamata mutum ya sa ido, mace ko namiji.

Na biyu gado. Wanda mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗan uwansa ciki ɗaya ya yi wanga ciwo, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane kamar sau biyu. Akwai ma wasu zuri'a, ba su da yawa, da tsiro ke fito wa ɗiyansu ɗaruruwa tun suna samari. In ba a yi musu aiki ba, kusan dukansu sai daji ya kama su wajen shekara 40. Saboda haka gidan da aka ga mutum biyu ko uku sun tafi da ciwon ciki da zubar jini tun da ƙuruciyarsu, kada a tsaya zargin maita ko sammu. A gaya wa likita.

Na uku abinci da zaman mutum. Wani likita ɗan ƙasar Ailan, Denis Barkit, ya yi shekaru da dama yana aikin fiɗa a Yuganda. Ya lura mutanen karkara ba safai suke kamuwa da ciwon da ya addabi Turawa ba. A shekara ta 1971 ya rubuta cewa dalilin yana cikin akushi: mutanen karkara suna cin hatsi da dusarsa, da wake, da ganye, abinci ba ya daɗewa cikin hanjinsu. Binciken da aka yi bayansa ya nuna hatsin da ba a raba shi da dusarsa duka ba yana rage haɗarin, nono da madara ma suna taimakawa.

A shekara ta 2015 kuma masanan OMS suka ce naman da aka sarrafa don ajiya, da gishiri ko hayaƙi ko cikin gwangwani, yana kawo ciwon dajin hanji: mai cin giram 50 kullum, haɗarinsa yana ƙaruwa da kamar 18 cikin 100. Yawan jan nama ma suna zarginsa. Ba a ce tsiren ran kasuwa ko naman salla guba ba ne. Cin yau da kullum ake magana. Taba, da giya, da ƙiba, da zama wuri guda ba motsi, duk suna ƙara wa ciwon ƙarfi.

Wato tuwon gero da na dawa, da fura da nono, da wake, da kwaɗon zogale da rama, da miyar kuka da yakuwa, ba abincin rainawa ba ne. Wanda ya koma birni ya bar su, ya kama farin burodi da taliya da lemun kwalba, ba ci gaba ya yi ba. Amma a sani: abinci yana rage haɗari ne kawai. Tsiron da ya riga ya fito, ba abincin da ke narkar da shi, ba jiƙo, ba tsimi, ba ƙwaya. Sai cirewa.

ABIN DA LIKITA KE YI

Da fari a gidan likita na kusa, majo ko likita zai yi tambayoyi: yaushe aka fara ganin jinin, wane launi, an rame ko ba a rame ba, akwai mai irin ciwon a dangi. A faɗi gaskiya duka. Zai taɓa ciki, ya dubi ido. Sa'an nan ya sa safar hannu ya duba dubura da yatsa. Minti ɗaya ne. Mutane da yawa daga nan suke gudu, alhali kuwa kashi mai yawa na wanga ciwo a yankin nan kusa da dubura yake fitowa, inda yatsa ke iya kai gare shi. Ana kuma auna jini, a auna bayan gida don neman tsutsa ko jinin da ke ɓoye.

In likita ya ga abin da bai gamsu da shi ba, sai ya ba da takarda a tafi babban asibiti, inda ake leƙen hanji. Ana yin sa da wani tiyo mai laushi, kaurinsa kamar yatsa, da fitila da ido a bakinsa. Kwana ɗaya kafin ranar, mutum zai bar abinci mai nauyi, ya sha maganin wankin ciki da ruwa mai yawa har hanji ya fita tas. In hanji bai wanku ba, tsiro yakan ɓuya. Ana iya yi wa mutum allurar da za ta sa shi gyangyaɗi. Likita ya sa tiyon ta dubura, yana kallon cikin hanji bisa allo kamar talabijin. In ya ga tsiro, sai ya zura zargen waya ta cikin tiyon, ya shaƙe wuyan tsiron ya yanke shi. Fatar cikin hanji ba ta jin zafin yanka. Aikin kamar rabin awa ne, yawanci mutum ran nan yake komawa gida. Jefi-jefi akan samu zubar jini ko hujewar hanji, shi ya sa ƙwararru kaɗai ke yin sa.

A shekara ta 1969 aka fara cire tsiro ta wannan hanya, a birnin Nuyok, a hannun wani likita ɗan Japan mai suna Shinya da abokin aikinsa. Kafin nan sai an tsaga ciki. A 2012 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka, inda aka bi mutum 2602 da aka cire wa tsiro, shekara da shekaru. Mutuwa daga ciwon dajin hanji a cikinsu ta ragu da fiye da rabi.

Tsiron da aka cire ana kai shi a duba da madubi, don a san irinsa, a san ko daji ya fara. Kada a tafi gida a manta da takardar sakamako. Kuma wanda tsiro ya taɓa fito wa, wani yana iya fitowa. Likita zai faɗi ranar komowa, shekara 3 ko 5 ko fiye, gwargwadon abin da ya gani.

A wasu ƙasashe ba a jiran alama. A Faransa, duk mai shekara 50 zuwa 74 ana kiran sa ya auna bayan gidansa kowace shekara biyu. A Amurka, tun 2021 aka mai da farawar daga shekara 45. A Nijar, cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji tana Yamai, kuma a 2021 aka buɗe sashen gasa ciwon da haske a cikinta. Amma ga mutumin karkara, babban makami shi ne ya san alamomin, ya tashi da wuri.

KUNYA DA KUƊI

Abu biyu ke hana mutane zuwa. Na farko kunya. Dattijo mai surukai da jikoki yana ganin faɗuwar girma ne ya buɗe wa yaro sa'an ɗansa wanga wuri. Mace kuma sai ta yi shekara tana wanke zane a ɓoye, ko mijinta bai sani ba. Amma wanda ya ƙi duban minti ɗaya yau, gobe ɗauke za a kai shi, a gaban kowa. In daji ya ci bakin dubura, wani lokaci dole a huda wa mutum hanyar bayan gida a gefen ciki, ya rayu da jaka. Wace kunyar ta fi? Likita kuwa amana ke gare shi, ba ya fitar da asirin maras lafiya. Macen da ta fi son mace ta duba ta, ta faɗa.

Na biyu kuɗi. Ba a ɓoye ba, tafiya Maraɗi ko Damagaram ko Yamai tana cin kuɗin mota, da na masauki, da na awo. Wani sai ya sayar da akuya. Amma a yi lissafi. Ƙulli-ƙullin kasuwa na shekara biyu nawa suka ci? In ciwon ya kai hawa na 4 kuma, ba akuya ba, shanu da gona ake sayarwa, sau da yawa kuma a rasa dukiyar, a rasa mai ita, a bar marayu da rumbu wayam.

ABIN DA YA KAMATA A RIƘE

Jini a bayan gida ba abin sabo ba ne. A bari likita ya ce basir ne, kada mutum ya yanke wa kansa.

In an sha maganin basir ko na atuni na likita, jini bai tsaya ba ko ya komo, a koma a gaya masa, a nemi takardar zuwa gaba.

Wanda aka samu da tsiro ko daji ya sanar da ƴan uwansa ciki ɗaya da ɗiyansa, su ma su je a duba su.

Mai shekara 45 zuwa sama, in ya samu hali ya shiga birni, ya tambayi likita zancen awon bayan gida ko da ba ya jin kome.

A riƙe abincin gida, a rage taba, a bar giya, a motsa jiki.

Masu karatu, wannan labari ba na ajiyewa cikin aljihu ba ne. A karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, a dandali, a ƙofar mai gari, a ajin yaƙi da jahilci na maza da na mata. Ƴan agaji da ungozomomi su kai shi cikin gidaje. Wataƙila cikin masu saurare akwai wanda ya yi wata shida yana ganin jini bai faɗa wa kowa ba. Ba sai ya ɗaga hannu ba. Ya isa ya ji cewa tsiro ƙarami ana cire shi cikin rabin awa, gobe da safe ya kama hanyar gidan likita.

Rigakafi ya fi magani.